Na bar ƙwaya shekara huɗu: za a yarda in ga sirrin gwamnatin Amurka?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Kano ne, na zo Amurka a 2011, na zama ɗan ƙasa a 2017, yanzu ina zaune a jihar Maryland. Wani kamfani mai yi wa Ma'aikatar Tsaro kwangila ya ba ni aikin fassarar Hausa, da sharaɗin sai na samu kiliyarans, wato izinin ganin sirrin gwamnati, na matakin Secret. Damuwata ita ce, a 2018 na ji ciwo a baya a wurin aiki, likita ya rubuta mini oxycodone, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi. Da ya daina rubutawa sai na koma saye a bayan fage har ƙarshen 2020. A farkon 2021 na kai kaina asibitin masu shaye-shaye, na yi wata uku, na ci gaba da ganin likita har shekara guda. Tun daga nan ban sake taɓa komai ba, yau shekara huɗu da 'yan watanni. 'Yan sanda ba su taɓa kama ni ba. Can baya kuma, ina makaranta a Kano, na ɗan sha kodin da abokai. Matata ta san komai, amma iyayena da 'yan'uwana ba su sani ba. Wani abokina ya ce in rubuta a'a a fom ɗin, tunda asibiti ba ya fitar da sirrin majiyyaci. Ina da rabo a aikin nan, ko in haƙura tun ban tona wa kaina asiri ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah Ya ƙara lafiya, Ya tabbatar da kai a kan wannan hanya. Tambaya biyu ka cure wuri guda. Ta farko, ko tarihin ƙwaya yana rufe wa mutum ƙofar kiliyarans har abada. Ba ya rufewa, kuma yadda ka ba da labarinka kana cikin waɗanda nake wa kyakkyawan zato. Ta biyu, ko shawarar abokinka mafita ce. Wannan kam ita ce za ta iya raba ka da aikin nan, da duk wani irinsa nan gaba.

Bari ka san daga inda nake magana. Na yi shekaru ina riƙe da ofishin tsaro a wani kamfanin kwangila. Ni nake buɗe wa sabon ma'aikaci fom, in duba ya cika kafin ya tafi, in zauna da shi idan takarda ta dawo da tambayoyi. Ni ba lauya ba ne, kuma ba a teburina ake yanke hukunci ba. Gogewata ta ɓangaren Ma'aikatar Tsaro ce, inda kai ma ka nufa. Hukumomin leƙen asiri irin CIA da NSA ƙa'idoji ɗaya suke bi da mu, amma hannunsu ya fi nauyi, kuma suna ɗora mutum a kan na'urar gane ƙarya.

Abin da suke aunawa

Kiliyarans izini ne da gwamnatin tarayya ke bai wa mutum na ganin bayananta na sirri. Matakai uku ne: Confidential a ƙasa, Secret a tsakiya, Top Secret a sama. Mutum ba ya nema wa kansa, sai wurin aiki ya gabatar da shi, kuma ɗan ƙasa kaɗai ake ba, ko haifaffe ko wanda ya yi rantsuwa kamar kai. Za ka cike fom mai suna SF-86 ta intanet, hukumar DCSA, mai binciken masu neman izini a ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro, ta yi bincike a kanka, sannan wani jami'i da ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba ya ɗora abin da aka samu a kan ƙa'idoji goma sha uku, daga A zuwa M, waɗanda ke cikin umarnin da ake kira SEAD 4, wanda ya fara aiki a watan Yunin 2017. Ƙa'idar H ita ce ta ƙwaya, G ta barasa, E kuma ta halin mutum da gaskiyarsa. Ka riƙe wannan E ɗin, za mu dawo kanta.

Wani abu da ke bai wa mutanenmu mamaki shi ne, a nan ba a cewa mutum ba shi da laifi sai an tabbatar. A 1988 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani lebura mai suna Egan, da ke aiki a wurin gyaran jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku a jihar Washington, ta ce babu wanda kiliyarans yake haƙƙinsa. In shakka ta rage, tsaron ƙasa ake rinjayarwa. Saboda haka da zarar maganar ƙwaya ta shigo, kai ne za ka kawo hujjar cewa abin ya wuce.

Akwai katanga ɗaya da ba a tsallakewa. Dokar da ake kira gyaran Bond, ta 2008, ta haramta bai wa wanda yake shan haramtacciyar ƙwaya a halin yanzu, ko wanda jarabarta ke riƙe da shi, kowane irin kiliyarans. Kalmar da za ka lura da ita ita ce a halin yanzu. Dokar ba ta ce wanda ya taɓa sha ba. Wanda ya yi shekara huɗu bai taɓa ba, kuma likita ya shaida, ba shi take nufi ba.

Sauran duka awo ne. Ana duba girman abin da aka yi, da dalilin da ya jawo shi, da shekarun mutum a lokacin, da yawan yi, da tsawon lokacin da ya shuɗe, da alamun cewa ya canza. Ƙa'idar H da kanta ta zayyana abubuwan da ke sassauta damuwa, kuma in ka karanta su sai ka ga kamar da labarinka aka rubuta. Akwai wanda ya ce shan magani ba bisa ƙa'ida ba ya biyo bayan ciwo mai tsanani ko mai tsawo da aka rubuta wa mutum maganin dominsa, kuma ya daina. Ciwon bayanka ke nan na 2018. Akwai kammala jinyar da aka tsara har da bibiyar bayanta, ba tare da komawa ba, da shaidar ƙwararren likita cewa ana sa ran ɗorewa. Wata ukunka ke nan da shekarar da ta biyo baya. Akwai kuma amsa laifi, da rabuwa da abokan sha, da ƙaurace wa wuraren da ake yi, da sa hannu a takardar alkawarin barin ƙwaya gaba ɗaya, wadda a cikinta mutum ya yarda cewa in ya koma a ƙwace izinin.

Ba a rubuta adadin shekarun da za su isa ba, da gangan. A abin da na gani, wanda bai cika shekara da dainawa ba yakan sha wuya ko da wiwi ce. Wanda jaraba ta kama har ya kwanta asibiti ana son a ga shekaru, ba watanni ba. Likitocin Amurka kan rubuta cewa sauƙi ya ɗore idan mutum ya cika wata goma sha biyu alamun jarabar ba su dawo ba. Kai ka ninka wannan sau huɗu. Abin da zai ɗan yi maka nauyi shi ne sayen bayan fage na kusan shekara biyu, domin saye laifi ne mai zaman kansa, kuma fom ɗin ya ware masa tambaya daban. Kada ka rage masa tsawo, kada ka ce sau biyu ko uku in ya fi haka.

Shawarar abokinka

Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Dokar tarayya tana kare bayanan jinyar shaye-shaye da kariya ta musamman, asibiti ba ya miƙa su haka kawai. Abin da bai faɗa maka ba shi ne irin tambayoyin da ke Sashe na 23 na fom ɗin, sashen da ya shafi ƙwaya. Wasu suna tsayawa a shekara bakwai da suka wuce: shan haramtacciyar ƙwaya, saye ko sayarwa, da yin amfani da maganin likita ba yadda aka rubuta ba, ko naka ne ko na wani. Shekarar 2020 tana cikin bakwai ɗin nan. Wasu kuma ba su da iyaka, a duk rayuwarka ake tambaya: an taɓa umartarka ko ba ka shawarar neman jinya saboda ƙwaya, ko ka taɓa nema da kanka. Ko da ka jira bakwai ɗin ta cika, wannan tambaya tana nan tana jiranka. To, a'a ɗin da zai sa ka rubuta ba guda ɗaya ba ce, aƙalla huɗu ce, a ƙarƙashin sa hannunka, a takardar da ta gargaɗe ka cewa ƙarya a cikinta laifi ne da hukuncinsa ke kai wa ɗaurin shekara biyar.

A gaskiya ba kasafai ake kai mutum kurkuku a kan wannan ba. Abin da ya fi faruwa shi ne a hana shi a ƙarƙashin ƙa'idar E, kuma tabon ya bi shi. Ƙwayar da ka bari a 2021 tana tsufa kullum, nauyinta na raguwa. Ƙaryar da ka yi a fom ta bana ce, kuma duk ranar da ka shiga ofis ba ka gyara ta ba, sabuwa take komawa. Na taɓa samun wani matashi da ya ɓoye wiwin da ya sha a jami'a, ya samu Secret lafiya lau. Bayan shekara uku aka so ɗaga shi zuwa wani aiki mai buƙatar na'urar gane ƙarya, a ɗakin ya amayar da komai. Wiwin da ba zai hana shi komai ba da ya faɗa tun farko, shi ya ci aikin da yake nema da wanda yake kai. A wannan shekarar kuma wata baiwar Allah da ta yi jinyar barasa har sau biyu ta rubuta komai dalla-dalla, ta haɗa takardunta, aka ja ta da tambayoyi wata da watanni, aka ba ta.

Kuma kada ka ɗauka asibiti ne kaɗai ya sani. Akwai wurin aikin da ka ɓace wata uku. Akwai mutum uku da fom ɗin zai ce ka kawo sunayensu, kuma in bincike ya faɗaɗa mai binciken kan tambaye su wa kuma ya san ka. Akwai bayanan bashinka, waɗanda sukan nuna shekarun da kuɗi ke zurarewa. Akwai wanda ya riƙa sayar maka, wanda wata rana za a iya kama shi da wayarsa.

Wani abin da zai kwantar maka da hankali: a saman Sashe na 23 an rubuta cewa amsar gaskiya da ka bayar a wannan sashe ba za a yi amfani da ita a matsayin hujja a kanka a shari'ar laifi ba. Jami'in tsaron kamfani kuma, mai irin kujerar da na zauna, aikinsa ya ga fom ya cika ne kawai. Doka ba ta ba shi damar kai labarinka wurin manaja ko abokan aiki ba.

Maganar rufin asiri

Nan ne nake ganin ainihin damuwarka take, domin da ita ka rufe wasiƙarka. Mu mun tashi da sanin cewa rufin asiri ni'ima ce, kullum muna roƙon Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, kuma an koya mana cewa wanda Allah Ya suturta bai kamata ya tashi yana tallan zunubinsa ba. An kuma ce mai tuba daga zunubi kamar wanda ba shi da zunubi ne. Duk haka yake. Amma ƙin yin talla daban, rubuta ƙarya ka sa hannu daban. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka kuma fahimci abin da gwamnatin take tsoro. Ba tsarkaka take nema ba, da ba ta samu ma'aikata ba. Tsoronta biyu ne: mutumin da hankalinsa zai gushe ya saki baki, da mutumin da yake da abin ɓoyewa har wani zai iya riƙe shi da shi. Ƙa'idar E ta ambaci wannan ƙarara, wato ɓoye wani hali da zai sa a iya matsa wa mutum ko a juya shi. Idan aka kira ka ganawa, kuma da irin amsoshinka ka sa ran za a kira ka, mai binciken zai tambaye ka wa ya san wannan labari, kuma in wani ya yi barazanar kai shi gida Kano me za ka yi. Sanin matarka babban jari ne. Babu wanda zai ce dole ka kira Baba ka zayyana masa. Amma dole amsarka ta zama ta gaskiya, cewa ba ka so su ji, sai dai in an zo ga zaɓi tsakanin su ji da ka ci amanar aiki, kai da kanka za ka ɗaga waya ka faɗa musu. In ka auna zuciyarka ka ga ba za ka iya furta wannan ba, shawarata ka sami babban wa ko kawu mai hankali guda ɗaya ka sanar da shi tun yanzu. Sirrin da mutum uku na gida suka sani ya daina zama igiyar da za a ja ka da ita.

Kodin ɗin Kano kuma ya wuce iyakar shekara bakwai ɗin, ya ma girmi haramcin da gwamnatin Najeriya ta sanya wa maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Fom ɗin bai tambaye ka shi ba, ba kuma sai ka cusa shi ba. Amma in mai bincike ya ce yaushe ka fara taɓa wani abu mai sa maye, ka faɗa. Mai yiwuwa ma ka riga ka faɗa wa likitan da ya karɓe ka a 2021, yana cikin fayil ɗin da za a ce ka sa hannu a buɗe. Ba abin da ke kashe magana kamar bakinka ya ce ɗaya, fayil ya ce biyu. Saboda haka ka nemi kwafin fayil ɗinka ka karanta kafin ka cike komai.

A nan akwai wani lungu da ya fi ƙarfin ofishina. Takardun shige da fice, daga gwajin likita na neman zama har fom ɗin zama ɗan ƙasa, su ma suna da tambayoyi a kan ƙwaya da laifin da ba a kama mutum a kai ba. Kai ka yi rantsuwa a 2017, kafin ciwon baya, don haka babban abin bai shafe ta ba. Duk da haka awa ɗaya da lauyan shige da fice a kan maganar kodin ba asara ba ce. Wanda kuma ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa yana tsakiyar saye a bayan fage, kada ya taɓa SF-86 sai ya ga lauya.

Abin da za ka tanada

Tuba tsakaninka da Ubangijinka ce, jami'in da zai karanta fayil ɗinka takarda yake gani. Ka nemo shaidar kammala jinya da ta bibiyar da ka yi. Ka koma wurin likita ko ƙwararren da ke da lasisin duba masu shaye-shaye ya sake auna ka yanzu, ya rubuta sunan cutar, da cewa sauƙin ya ɗore, da hasashensa a kanka. Wasiƙar da aka rubuta bana ta fi ta 2022 amfani. In akwai sakamakon gwajin fitsari na wurin aiki ko na asibiti, ka tara. Ka haɗa takardun ciwon bayan, domin su ne ke nuna ta ƙofar da abin ya shigo, ka kuma shirya amsar yadda kake lallaɓa ciwon yanzu, don tabbas za a tambaya. Ka rubuta takardar alkawarin nan ka sa hannu da kwanan wata. Wasiƙar limamin masallacinku ko shugabanka na aiki tana taimakawa, da sharaɗin marubucin ya nuna ya san abin da ya faru. Wasiƙar da ta ce wane mutumin kirki ne kawai, ba ta san komai ba, ba ta da nauyi.

A wurin bayani a fom ɗin ka taƙaita: wata da shekarar farawa, wata da shekarar dainawa, sau nawa a mako, me ya jawo, me ka yi. Ban da wa'azi, ban da ɗora wa likita laifi.

Ka shirya wa jinkiri. Akwai izinin wucin gadi da ake bai wa wasu su fara aiki kafin bincike ya ƙare, kuma da wuya mai amsa e a Sashe na 23 ya same shi. Rashinsa ba hukunci ba ne, amma ka tambayi kamfanin tun yanzu ko za su jira ka, kada ka ajiye aikin da ke hannunka. Za a iya aiko maka da tambayoyi a rubuce, ko a tura ka wurin likitan da gwamnati ta zaɓa. In abin bai gamsar ba za a ba ka takardar dalilan da ake niyyar hana ka, kana da kwana 20 ka amsa, kuma kana da damar neman zama gaban alƙalin DOHA, ofishin sauraron ƙararraki na Ma'aikatar Tsaro. In ta kai ga haka ka ɗauki lauyan da ya san wannan fanni, ka kuma zaɓi zama ido da ido maimakon a yanke a kan takarda, domin mai irin labarinka ganinsa da jin muryarsa suna yi masa aiki. Ofishin yana wallafa hukunce-hukuncensa a intanet ba tare da sunaye ba, ka karanta goma na ƙa'idar H za ka gane yadda alƙalan ke tunani. Ko an hana, bayan shekara guda kamfani na iya sake gabatar da mutum.

In faɗa maka wani abu da ba ka tambaya ba. A fayil ɗin Bahaushen da aka haifa a gida, sau da yawa ba ƙwaya ce ke cin lokaci ba. Iyaye da 'yan'uwa a Najeriya, kuɗin da ake aikawa duk wata, fili ko gida a Kano, fasfo na biyu, tafiye-tafiyen sallah da biki, duk sai an bayyana su a ƙarƙashin ƙa'idojin B da C, masu duba alaƙar mutum da ƙasashen waje. Ba su hana samu, masu fassara da yawa da su suka samu, amma ka fara tattara sunaye da adireshi da ranakun tafiya tun yau. Bashi kuma, wato ƙa'idar F, shi ne ya fi kowane dalili yawan jawo hani. In shekarun ƙwaya sun bar maka bashin da ba ka biya ba ko harajin da ba ka cike ba, ka fara gyara shi kafin fom ya tafi.

Bayan an ba ka kuma sa ido ba ya ƙarewa, yanzu ana bibiyar masu kiliyarans a kai a kai ta na'ura, ba sai shekaru sun zagayo ba. Shan ƙwaya kana riƙe da izini ya fi duk abin da ka yi a baya muni a idonsu. Wiwi halal ce a dokar jihar Maryland tun 2023, amma dokar tarayya ake bi da kai, har man CBD, wanda ake tatsowa daga tsiron wiwi ake sayarwa a kanti, ka bar shi, yana iya fitowa a gwaji. In ka je gida hutu ciwon bayan ya motsa, wani zai ce bari a karɓo maka tiramol a kemis. Tramadol yana cikin magungunan da dokar tarayyar Amurka ta sa wa takunkumi tun 2014, kuma gare ka ɗan gidan su oxycodone ne. Ka tafi da maganin da likitanka na nan ya rubuta, a cikin kwalbarsa mai sunanka, ka kuma gaya wa duk likitan da zai duba ka, ko na haƙori ne, tarihinka kafin ya ɗauki alƙalami.